Baƙin da Suka Zo Aron Ƙwai: Fim ɗin Funny Games na Michael Haneke da Muhawarar Nuna Tashin Hankali a Allo

Tsakure

Maƙalar ta nazarci fim ɗin Funny Games, wanda Michael Haneke ya yi da Jamusanci a ƙasar Ostiriya a 1997, ya kuma maimaita shi da Turanci a Amurka a 2007. Ta ɗora shi a tarihin fina-finan kutse cikin gida, sannan ta auna shi da abin da masana suka gano game da tasirin kallon tashin hankali. Matsayinta shi ne, yawan jinin da ake gani a allo ba ma'auni ne mai inganci ba. Abin dubawa shi ne ko fim ya bar mai kallo ya ga raɗaɗin wanda aka cuta, ko kuwa ya share masa hanyar jin daɗin cutarwar.

Gabatarwa

Duk lokacin da aka yi wani mummunan kisa a ƙasashen Turai ko Amurka, da wuya a kwana biyu ba a ɗora wa fim ko talabijin ko wasan bidiyo wani kaso na laifin ba. A Birtaniya Stanley Kubrick da kansa ya janye fim ɗinsa A Clockwork Orange na 1971 daga sinimomin ƙasar bayan jaridu sun yi ta danganta shi da laifuffukan matasa, kuma ba a sake nuna shi a can ba sai a shekarar 2000, bayan rasuwarsa. A nan gida ma, a watan Satumba na 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fina-finan Hausa, bisa fargabar cewa matasa suna ɗaukar darasi daga abin da suke gani. Fargabar iri ɗaya ce a ko'ina, tambayar da ake yi ma ɗaya ce: shin kallo yana haifar da aikatawa?

Ina ganin mun daɗe muna jujjuya wannan tambaya ita kaɗai, alhali akwai wata da ta fi ta amfani ga mai nazarin fim. Mutumin da ya fi kowa matsa mata shi ne Haneke, kuma ya yi hakan ne da nau'in fim ɗin da ya fi kowane iya kama zuciyar ɗan kallo, wato wanda miyagu ke shiga gidan mutum su tsare shi da iyalinsa.

Tushen nau'in

Kutse cikin gida tsohon jigo ne, kusan sa'an sinima kanta. A 1909 D. W. Griffith ya yi gajeren fim mai suna The Lonely Villa. Ɓarayi sun yaudari maigida ya bar gida, suka far wa matarsa da 'ya'yansa mata uku. Matar tana tokare ƙofa ɗaya bayan ɗaya, tana magana da mijin ta wayar tarho, sai ɓarayin suka yanke wayar. Griffith ya riƙa yanka hoto tsakanin ƙofar da ake ɓallewa da mijin da ke sukuwa da 'yan sanda, har ya iso a daidai lokacin da ƙofar ƙarshe ta faɗi. Duk kayan aikin nau'in suna cikin waɗannan 'yan mintoci: gidan da ke nesa da jama'a, wayar da ta mutu, ƙofa, da ceto a ƙurarren lokaci.

Labarin The Desperate Hours na 1955, wanda William Wyler ya ba da umarni Humphrey Bogart ya fito a matsayin shugaban miyagu, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A 1952 wasu fursunoni uku da suka tsere daga kurkuku sun tsare wani iyali a gidansu kusa da birnin Philadelphia har awa 19. Ba su taɓa lafiyar kowa ba, kuma iyalin da bakinsu suka ce ba a wulaƙanta su ba. Bayan haka Joseph Hayes ya rubuta littafi mai kama da wannan labari, aka mayar da shi wasan daɓe, aka mayar da shi fim, amma an cusa duka da cin mutunci a ciki. Mujallar Life ta kwashi 'yan wasan ta kai su ainihin gidan, ta ɗauki hotuna ta buga a matsayin abin da ya faru. Iyalin suka kai ƙara, Richard Nixon ya tsaya musu a matsayin lauya a gaban Kotun Ƙolin Amurka, amma a 1967 alƙalai biyar cikin tara suka goyi bayan kamfanin mujallar. Abin lura a nan shi ne, abin da ya auku a zahiri bai ishi kasuwa ba, sai da aka ƙara masa duka kafin ya sayu.

Daga Straw Dogs na Sam Peckinpah a 1971 aka samu sauyi babba. Yanzu ba 'yan sanda ke zuwa ceto ba. Maigidan da aka raina, malamin lissafi mai sanyin hali wanda Dustin Hoffman ya fito a matsayinsa, shi ne ke tashi ya karkashe masu kutsen ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan aka ƙulla wata yarjejeniya tsakanin mai shirya fim da ɗan kallo: ka jure ganin ana azabtar da mutanen kirki na awa guda, ni kuma zan biya ka da ramuwar gayya a ƙarshe. Masanin sadarwa Dolf Zillmann ya yi bayanin yadda wannan ke aiki. Gwargwadon yadda muka tsani bos, gwargwadon daɗin da muke ji idan aka hallaka shi, kuma bugun zuciyar da tsoro ya tayar shi ne ke komawa murna idan jarumi ya yi nasara. Wannan yarjejeniya ce Haneke ya zo ya yaga.

Ƙwai huɗu

An haifi Haneke a Munich a 1942, ya tashi a Ostiriya, ya kuma shafe shekaru yana aiki a talabijin kafin ya fara fim na sinima a 1989. Tun a Benny's Video na 1992 ya nuna abin da ke damunsa: yaro ɗan masu hali da ke rayuwa tsakanin kyamarori da kaset-kaset, ya kashe wata yarinya, ya kuma naɗi kisan. Arno Frisch, wanda ya fito a matsayin wannan yaro, shi ne ya dawo a matsayin Paul a Funny Games.

Fim ɗin ya buɗe da iyali uku, Georg da matarsa Anna da ƙaramin ɗansu, a mota suna jan kwalekwale zuwa gidansu na hutu a bakin tafki. Ba a daɗe da sauka ba sai ga wani saurayi mai kunya, Peter, sanye da fararen kaya da farar safar hannu, ya ce matar maƙwabci ce ta aiko shi aron ƙwai huɗu. Duk wanda aka taɓa aika wa yaro daga maƙwabta karɓo gishiri ko garwashin wuta ya san ba a mayar da irin wannan aike hannu rabbana. Anna ta ba shi. Ta ce ta naɗe masa, ya ce ba sai an naɗe ba. Kafin ya kai ƙofa ƙwan ya zube. Ya ba da haƙuri, ya nemi wasu huɗun. Tana cikin ɗauko masa, ya ture wayar gidan ta faɗa cikin ruwan wanke-wanke. Ya sake ba da haƙuri. Sai abokinsa Paul ya shigo, ya yaba sandunan wasan golf na maigida, ya nemi izinin gwada ɗaya a waje. Can kuma sai haushin karen gidan ya ɗauke.

Wannan fitowa ta fi kowace nuna gwanintar Haneke. Babu wanda ya ɓalle ƙofa, babu wanda ya zare makami. Samarin sun shigo ne ta hanyar ladabin masu gidan, kuma duk matakin da suka ɗauka ƙarami ne ƙwarai, ta yadda wanda ya fara ɗaga murya shi zai zama marar kunya. Lokacin da Anna ta ce su fita, mijinta ya shigo bai san abin da ya wakana ba, sai ya zama kamar ita ce ke neman fitina a kan ƙwai. Da Georg ya harzuƙa ya mari Paul, sai Peter ya karya masa ƙafa da sandar golf, kuma daga baya suka riƙa tuna masa cewa shi ya fara duka. Daga nan suka sa caca da iyalin: kafin ƙarfe tara na safe dukansu uku sun mutu.

Da Georg ya tambaye su dalili, Paul ya shiga jero labarai game da Peter: iyayensa sun rabu, talauci ne, a'a ɗan gata ne da ya gaji da rayuwa, a'a ɗan ƙwaya ne. Kowane labari yana ƙaryata na bayansa. Waɗannan su ne dalilan da fina-finai da jaridu suka saba ba mu don hankalinmu ya kwanta, Haneke kuma ya tattara su ya watsar. Samarin ma ba su da tabbataccen suna, wani lokaci suna kiran juna Tom da Jerry, wani lokaci Beavis da Butt-Head, duk sunayen taurarin katun. Ba mutane ba ne da ke da tarihi, halittun allo ne da suka san dokokin fim.

Sun kuma san muna kallo. Lokacin da Paul ya sa Anna neman gawar karenta, yana ce mata ta yi kusa ko ta yi nisa kamar wasan yara, sai ya juyo ya dubi kyamara ya kashe ido ɗaya. Daga baya ya tambaye mu kai tsaye ko muna ganin iyalin za su tsira, ya ce ya san muna bayansu. A wani wurin ya ce ba za a tsaya ba tukuna domin fim bai kai tsawon da aka saba ba.

Abin da aka nuna da abin da aka ɓoye

Mutane da yawa da suka kalli Funny Games suna tuna shi a matsayin ɗaya daga cikin fina-finan da suka fi muni da suka taɓa gani, kuma a bikin fina-finai na Cannes na 1997 wasu sun tashi sun fice. Amma idan aka bi shi fitowa bayan fitowa, kusan babu wani kisa da aka nuna. An kashe kare a bayan fage. Da aka tilasta wa Anna tuɓe kaya, kyamara ta tsaya a kan fuskarta ba ta sauka ba. Da aka harbe yaron, muna kicin tare da Paul yana haɗa abin da zai ci, ƙarar bindiga da kururuwa kawai muka jiyo, shi kuwa bai ko fasa abin da yake yi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar fim ɗin. Muka ga akwatin talabijin jini na gangarowa a kansa, ana nuna tseren motoci. Samarin suka fita. Kyamara ta tsaya daga nesa, ba ta motsi, ba kiɗa, ba yanka, kimanin minti goma. Anna tana zaune a ɗaure, gawar ɗanta a gefe. Ta daɗe ba ta motsa ba. Abu na farko da ta yi da ta iya miƙewa shi ne tsalle-tsalle da ɗaurarrun ƙafafu zuwa wurin talabijin ta kashe shi. Bayan wani lokaci Georg, da ke kwance a ƙasa, ya fashe da wani irin kuka da ba a saba ji a sinima ba. Susanne Lothar da Ulrich Mühe, waɗanda suka yi wannan fitowa, sun kasance mata da miji a zahiri. A fim na kasuwa, mutuwar yaro daƙiƙa kaɗan take ɗauka, aikinta kawai ta ba uba dalilin ɗaukar makami. A nan kuwa an hana mutuwar zama dalilin komai, an bar ta da nauyinta.

Sau ɗaya tak aka nuna harbi ƙiri-ƙiri. Bayan samarin sun dawo, Anna ta fizgi bindiga ta harbi Peter, muka ga ya bugu da bango. Duk mai kallo na gaskiya zai ji sanyi a ransa a wannan lokaci. Sai Paul ya shiga neman rimot ɗin talabijin, ya same shi, ya mayar da fim ɗin da muke kallo baya, ya ɗauke bindigar kafin hannunta ya kai. Kisan da aka ba mu muka yi murna da shi, shi aka ƙwace. Haka aka yi da wuƙar da aka nuna mana tun farko an bari a cikin kwalekwale, wadda duk wanda ya saba kallo ya san za ta yi amfani: Anna ta same ta, suka gani, suka jefa ta ruwa, sannan suka tura Anna ita ma, saura kusan awa guda tara ta cika. Suka tsallaka gidan gaba, Paul ya ƙwanƙwasa ya ce an aiko shi aron ƙwai.

Me bincike ya ce?

Tun binciken Payne Fund na tsakanin 1929 da 1932 ake auna tasirin fim a kan yara a Amurka. A 1961 da 1963 Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya nuna cewa ƙananan yaran da suka ga babba yana dukan 'yar tsana, ido da ido ko a fim, sukan kwaikwaye shi. Rowell Huesmann da abokan aikinsa sun bi sawun yara 329 na yankin Chicago har shekara 15, suka wallafa a 2003 cewa waɗanda suka fi kallon tashin hankali suna ƙanana sun fi nuna faɗa da suka girma. Masu suka irin su Christopher Ferguson suna cewa alaƙar ƙarama ce, kuma takan ƙara raguwa idan aka lissafa halin gida da talauci da ɗabi'ar yaron tun asali. A 2009 kuma masana tattalin arziki Gordon Dahl da Stefano DellaVigna suka gano cewa a ranakun da jama'a suka fi cika sinimomin Amurka don kallon fina-finan faɗa, laifuffukan duka da rauni raguwa suke yi, saboda masu zafin kai suna zaune a sinima maimakon mashaya. Wanda duk ya ce an gama wannan muhawara, ta kowane ɓangare, ya yi gaggawa.

Akwai bincike biyu da suka fi kusa da abin da Haneke ke nufi. Na farko shi ne babban nazarin shirye-shiryen talabijin na Amurka da aka yi tsakanin 1994 da 1997. Ya gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na shirye-shirye suna ɗauke da tashin hankali, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake nuna shi: a kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan fitowa ba a hukunta mai laifin nan take, kuma a fiye da rabin karon da aka cuci wani ba a nuna yana jin zafi. Wato abin da ya cika allo shi ne duka marar ciwo. Minti goman Haneke amsa ce kai tsaye ga wannan.

Na biyu shi ne aikin George Gerbner na Jami'ar Pennsylvania, wanda ya nuna cewa babban abin da yawan kallo ke haifarwa shi ne tsoro: mai yawan kallo yakan ɗauka duniya ta fi yadda take haɗari, ya rage yarda da mutane. Fina-finan kutse suna koyar da tsoron baƙo marar fuska. Amma alƙaluman ofishin ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'ar Amurka na 2003 zuwa 2007 sun nuna cewa cikin fasa gidaje kimanin miliyan 3.7 da ake yi a shekara, kashi 7 cikin ɗari ne aka taɓa lafiyar wani, kuma a kashi 65 cikin ɗari na waɗannan, wanda aka cuta ya san wanda ya cuce shi. Da ɗan gari akan ci gari. Fim yana sa mutum ya ƙara tsawon katanga, alhali mafi yawan haɗarin yana wajen wanda ake buɗe wa ƙofa.

Inda Haneke ya gaza

Ba na cikin masu ɗaukar fim ɗin a matsayin wanda ba shi da aibi. Haneke ya taɓa cewa wanda ya fice daga sinima ba ya buƙatar fim ɗin, wanda ya zauna har ƙarshe shi ne mai buƙatarsa. Wannan magana ba ta yi wa ɗan kallo adalci ba. Mutum na iya zama domin tausayin Anna, domin ba ya son ya bar ta ita kaɗai, kuma wannan tausayi Haneke ne da kansa ya gina shi da ƙwarewa. Ba daidai ba ne ka ɗaure mutum da igiyar da ka murɗa, sannan ka zarge shi da rashin tafiya. Haka kuma son ganin wanda aka zalunta ya kuɓuta ba cuta ba ce da ke buƙatar magani.

Sannan wa'azin bai isa inda aka nufa ba. Haneke ya ce tun farko 'yan kallon Amurka yake nufi, shi ya sa ya sake yin fim ɗin a 2007 da Naomi Watts da Tim Roth da Michael Pitt, ɗauka bayan ɗauka kamar na farko. Da ya fita a Amurka a watan Maris na 2008 bai yi kasuwa ba. Bayan wata biyu The Strangers na Bryan Bertino ya fito, shi ma labarin masu kutse ne da ba su da wani dalili illa sun tarar da mutane a gida. An kashe masa kimanin dala miliyan 9, ya tara fiye da miliyan 80. Kasuwa ta karɓi rashin dalili da rashin ceto, ta mayar da su sabon abin sayarwa, ta yar da tambayar da Haneke ya ɗaura musu. Ko Paul kansa, da fararen kayansa da iya bakinsa, ya samu masoya a cikin masu kallon fina-finan ban tsoro.

Saboda haka a wurina rimot da kashe ido dabaru ne da ke aiki sau ɗaya, wanda ya san da su ba za su sake girgiza shi ba. Abin da ba ya tsufa shi ne matar da ke tsalle a ɗaure don ta kashe talabijin.

Abin da ya shafe mu

Matasanmu suna kallon irin waɗannan fina-finai a wayoyinsu, wasu ma an fassara su da Hausa. Fiye da haka, a yankunan da 'yan bindiga ke shiga gidaje da dare, kutse cikin gida ba labarin allo ba ne, kuma bidiyon gawarwaki na gaske yana yawo a WhatsApp da Facebook ba tare da an tambayi iyalan mamatan ba. Hana jigo gaba ɗaya, kamar yadda aka yi da garkuwa da mutane, yana rufe ƙofa ga fim ɗin da zai ɗaukaka mai garkuwa, amma yana rufe ta har ga wanda zai zauna da uwar da aka ɗauke wa ɗa ya nuna yadda darenta ke wucewa. A ƙarƙashin ma'aunin ƙidayar jini da makami, fim ɗin da jarumi ke karkashe mutum hamsin ana tafi zai iya wucewa idan an rage jan launi, wanda kuma ya nuna ciwon rashin mutum ɗaya ya maƙale.

Ina kira ga masu tace fina-finai da su riƙa tambayar gefen wa kyamara ta tsaya, da kuma ko an bar wanda aka cuta ya zama mutum mai suna da dangi. Ga abokan aikina na sassan Hausa da aikin jarida da nazarin halayyar ɗan Adam kuwa, kusan duk alƙaluman da na kawo a wannan maƙala daga Amurka suke, a kan yaran Amurka. Ya kamata mu shiga gidajen kallo da makarantu da zaurukan hira a Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, mu zauna da masu kallon nan, mu ji daga bakinsu abin da suke gani da abin da yake bari a zukatansu, kafin a sake yanke wani hukunci da sunansu.